Matar Cikin Waya

Shafi na 21

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Masu turo min saƙo cewa na bar su a rataye, ku yi haƙuri, ruwan shekaranjiya ne ya tafi mana da wuta, sai yau na samu caji a shagon maƙwabta. Wannan shafin naku ne, iyayen da ke jinyar yara masu sikila. Allah Ya ba ku ladan haƙuri.

*

Ma'u ta jingina tsintsiyar a jikin turmi, ta sake danna saƙon.

Muryar Maman Amira ce, matar da suka haɗu a Zauren Iyaye, guruf ɗin WhatsApp da Sista Zulaikha, wata ma'aikaciyar jinya, ta buɗe don mata su riƙa tambaya kan lafiya da tarbiyyar yara. Tun farkon bazara matar ta biyo ta gefe, ta ce ta lura Ma'u ta san kan sikila, ita kuma tana da yarinya mai ita. Ba su taɓa ganin juna ba. Ko hoto babu a kan lambarta.

"Ummu Abdul, don Allah ki taimaka min. Tun asuba take kukan ƙafa. Na ba ta ruwa da yawa yadda kika ce, na gasa mata da tawul mai ɗumi, amma yanzu jikin ya yi zafi rau, idon kuma ya koma ruwan ɗorawa..."

Ba wannan ne ya tsayar da numfashin Ma'u ba.

Can ƙasa-ƙasa, a bayan muryar matar, akwai wata siririyar murya.

"Anti... cinnakun sun dawo. Sun shiga ƙashina."

Ta maido da saƙon baya. Ta danna wayar a kunne har gefenta ya yi mata shati a kumatu.

"Cinnakun sun dawo..."

Ta sulale ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, kan jiƙaƙƙen siminti.

Inno, mahaifiyarta, tana gindin zogale tana tsintar wake. Ta ɗago kai.

"Ke lafiya? Wa ya mutu?"

"Inno, zo ki ji."

"Kin san ba na gane maganar cikin wayar nan taku."

"Don Allah ki zo."

Inno ta taso tana karkaɗe zane. Ta saurara, ta miƙa mata wayar.

"Yarinya ce ba lafiya. Allah Ya ba ta sauƙi. Sai kuma me?"

"Sadiqa ce."

Inno ta girgiza kai.

"Asma'u, ki ji tsoron Allah ki daina wahalar da kanki. Ranar nan a kasuwar Roni kika bi 'yar mutane har rumfar masu manja, wai ita ce."

"Wannan daban ne."

"Kullum ai daban ne."

"Inno, lokacin da take shekara uku ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo ba, sai ihu kawai. Ni na ce mata, in ya taso ki ce min cinnaku sun zo, ki nuna min inda suka shiga, mu kore su tare. Ni na ƙirƙira mata maganar nan. Ko Abbanta dariya yake yi mana."

Inno ta nemi gefen turmi ta zauna.

Damina biyu ke nan rabon Ma'u da 'yarta. Bayan sikila ta ɗauke ɗanta na fari, Abdul, Hajja Kaka, uwar mijinta Shafi'i, ta rantse daga dangin Ma'u ciwon ya fito, duk da gwaji ya nuna su biyun duka suna ɗauke da ƙwayarsa a jini. Aure ya mutu. Da sallah ta zo, Hajja ta aiko a ba ta Sadiqa ta yi musu yawon sallah a Babura. Yawon sallar da bai ƙare ba har yau. Duk zuwan da Ma'u ta yi, a zaure ake tsayar da ita a ce yarinyar ba ta nan. Da ta ambaci kotu, Inno ta ce ba da yawunta ba za a kai uban jikarta gaban alƙali.

Ma'u ta danna kiran Maman Amira.

"Assalamu alaikum, Ummu Abdul, kin ji saƙo..."

"Na ji. Zazzaɓi ga mai sikila ba abin zama a gida ba ne, Sista ta sha faɗa a guruf. Kuna ina?"

"Muna cikin mota, mun kusa Kazaure. Asibiti za mu."

"To, alhamdu lillahi."

Ma'u ta gyara riƙon wayar.

"Maman Amira."

"Na'am."

"Mene ne sunan yarinyar nan na gaskiya?"

Sai ƙarar inji da muryar wani fasinja yana faɗa da direba.

"Tambayarki nake yi."

"Yaya Ma'u..."

Tsikar jikin Ma'u ta tashi. A guruf Ummu Abdul kowa ya san ta. Ba ta taɓa faɗa wa matar nan sunanta ba.

"...ki zo. Don girman Allah ki zo. Ba maganar waya ba ce."

Kiran ya katse.

Ma'u ta faɗa ɗaki ta zari hijabi. Inno ta biyo ta.

"Kin manta abin da Hajja ta ce in ta sake ganin ƙafarki?"

"A zaurenta ta faɗa, Inno. Asibiti ba zaurenta ba ne."

Sai Inno ta juya ta janyo zanenta mai kauri daga kan igiya ta cusa mata a jaka.

"Ɗakin asibiti da sanyi, ki lulluɓe mata ƙafa. Kuma ban ce ki yi faɗa da kowa ba."

Har Ma'u ta kai zaure ta jiyo muryar Inno ta canza.

"Ki duba min ita da kyau, Asma'u. Ki duba min ko ta yi tsawo."

*

Sai da aka daɗe kafin motar Kazaure ta cika. Ma'u na matse a kujerar baya, tsakanin taga da wata mai kwandon kaji. Duwatsun hanya sun yi kore shar da ruwan damina, amma ba ta ga ko ɗaya ba. Kanta na kan waya. Ta koma can farkon hirarsu tana bi ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ta son ƙwayar ƙarin jinin nan, sai na ɓoye a cikin ayaba."

"Haƙoranta na gaba sun fita, ta ƙi yin dariya a gaban mutane."

"Tana tsoron tsawa, in hadari ya taso sai ta shige bayan ƙofa."

"Yau ta kai Sabbi a Islamiyya, malaminsu ya ba ta alewa."

Duk wannan ta karanta a lokacinsa. Ta amsa, ta ba da shawara, ta ce a sa mata gidan sauro, a hana ta wasa cikin ruwan sama, a gaishe ta. Wani lokacin bayan ta ajiye wayar takan zauna ta ce a ranta, tawa ma yanzu ta isa famfara. Ko wa ke cire mata haƙori? Ko wa ke yi mata kitso?

Ashe labarin tata ake ba ta.

Ta kai hannu ta shafa rubutun da ke maganar haƙora, kamar fuskar ce a wurin. Hawaye ya ɗiga a kan gilashin.

"Baiwar Allah, rasuwa aka yi miki?" in ji mai kaji.

"A'a," Ma'u ta ce. "Ɗiyata zan je gani."

Matar ta dube ta da mamaki, ta gyara kwandonta.

*

A barandar ɗakin yara na asibitin ta sami Maman Amira. Ba sai an nuna mata ba. Wata siririyar yarinya ce da hijabi ruwan ƙasa, ba za ta wuce ƙanwar bayan Ma'u ba, tana zaune a benci ta zuba wa ƙofar shigowa ido. Suna haɗa ido ta miƙe, sai kuma ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Tashi. Wace ce ke?"

"Sunana Bilqis. Ni ce matar Abban Sadiqa."

"Amirar fa?"

"Babu wata Amira. Ban taɓa haihuwa ba."

"Ina 'yata?"

"Tana ciki, an yi mata allura ta samu barci. Yaya, kafin ki shiga..."

Ma'u ta nufi ƙofar. Bilqis ta riƙe gefen hijabinta.

"Sake ni."

"Don Allah ki saurare ni tukuna."

"In saurare ki? Tun bazara nake sauraronki! Ina ba ki labarin ɗana da na binne, ina ba ki labarin wadda aka raba ni da ita, ina yi miki kuka a waya, kina ce min Allah Ya haɗa fuskokinmu. Ashe tana gefenki a zaune! Me na yi miki da za ki mayar da ni abin wasa?"

Wata mai jinya ta leƙo ta taga. Ma'u ta sassauta murya.

"Wallahi ba wasa na yi da ke ba," Bilqis ta ce, hawaye na zuba. "Ranar da aka kawo ni gidan nan aka miƙa min yarinya aka ce ga 'yarki. Ban san mene ne sikila ba. Ciwon farko da ya taso mata a gabana, na ɗauka aljanu ne. Hajja ta ce a jiƙa mata sassaƙe, aka jiƙa, ta kwana tana ihu. Abbanta kullum yana kasuwannin ƙetaren iyaka. Maƙwabciyarmu ce ta ji tausayina ta sa ni a guruf ɗin Sista."

"Sai kika nemo ni."

"Ban nemo ki ba. Ban ma san kina ciki ba. Wata rana kin yi bayani da murya a guruf, kan yadda ake gasa wa yaro gaɓoɓi. Ina girki na kunna a fili. Sadiqa na shan ruwa a bayana. Sai ji na yi kofi ya faɗi."

Ma'u ta dafa bango.

"Ta ce min, Anti, muryar Ummata ce."

"Ta gane ni?"

"Tun kalmar farko."

"To me ya sa ba ki ce mata ni ce ba? Me ya sa ba ki kira ni ba, ko sau ɗaya, in ji ta ce min Umma?"

Bilqis ta sunkuyar da kai.

"Bilqis, magana nake yi miki."

"Yaya, ki zauna."

"Ba zan zauna ba."

"Sun ce mata kin rasu."

Ma'u ta ji barandar ta juya da ita. Ba ta san lokacin da ta zauna a bencin ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un... Wa ya ce?"

"Hajja. An ce da aka kawo ta kullum sai ta gudu bakin titi tana tare masu babur, wai su kai ta Roni. Ta daina cin abinci. Sai Hajja ta zaunar da ita ta ce Ummanki ta bi yayanki, ki yi mata addu'a ki haƙura."

"Abbanta fa? Yana ji?"

"Yana ji. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuma ranar da na tare aka ja min kunne, duk ranar da na warware maganar nan a bakin aurena."

Ma'u ta rufe fuska da tafukanta. Kukan ma ya ƙi fita, sai kafaɗunta ke girgiza.

"Duk sallar da ta yi sai ta ce Allah Ya ji ƙan Umma da Yaya Abdul," Bilqis ta ci gaba a hankali. "Ranar Juma'a in na ba ta ƙosai sai ta raba biyu, ta kai wa wata tsohuwa a layinmu, wai sadakar Ummanta ce."

"Ya isa... don Allah ya isa."

"Bari in ƙarasa, Yaya, na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Ranar da ta ji muryarki na rasa abin da zan ce mata. Sai na ce wata mata ce a cikin waya mai irin muryar Ummanki. Tun daga ranar, in ciwon ya taso ba ta yarda ta kwanta sai na kunna mata ke. Matar cikin waya, haka take kiranki. Ta haddace maganganunki kaf. Har wurin da kike cewa, sannu, zai wuce, in sha Allahu zai wuce, tare take faɗa da ke."

Ma'u ta ɗago da jajayen idanu.

"Shi ya sa kika ce min ba ki iya karanta dogon rubutu ba. In riƙa yi miki da murya."

"Na gama sakandare, Yaya. Don ita nake roƙonki."

Wani yaro na kuka a ciki, ana lallashinsa.

"Na yau kuma?" Ma'u ta ce. "Kin san muryarta ta fito?"

"Na sani. Na saurara kafin in turo. Na sa hannu zan goge, sai na dube ta a kwance, leɓɓanta sun yi fari. Na ce in wani abu ya same ta yau ba ki sani ba, da wane ido zan tsaya gaban Allah?"

Sai a lokacin Ma'u ta lura da audugar da aka manna mata a gwiwar hannu, inda hijabin ya zame.

"Wannan fa?"

Bilqis ta yi saurin rufewa.

"Likita ya ce jininta ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mata. An gwada nawa ya yi daidai."

Ma'u ta daɗe tana kallonta. Duk maganar da ta taho da ita tun daga Roni ta bi ruwa.

"Kin ci abinci?"

"Ban samu zama ba."

"Aka ɗebi jininki da yunwa?"

"Na ce musu na ci."

Ma'u ta kamo hannunta ta zaunar da ita kusa da ita.

"Wa kika faɗa wa za ki fito da ita?"

"Babu. Wayar Abbanta ba ta shiga in ya ƙetara. Hajja ta ce a bari zuwa yamma a gani, ni kuma na tuna abin da kuke faɗa kan zazzaɓi. Tana shiga wanka na goya ta na fice." Ta goge ido da bakin hijabi. "Hajjar ta kira ni ɗazu. Ta ce tana hanya, in shirya kayana."

"Saboda 'yata."

"Tamu, Yaya. In kin yarda."

Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo daga ƙofa.

"Ina mai jinyar gado na ƙarshe? Yarinyarki ta farka tana nemanki."

Su biyun suka miƙe a tare.

"Bari in fara shiga," Bilqis ta raɗa mata. "In shirya ta a hankali. Kada ta firgita."

"To. Zan tsaya a nan. Ba zan shiga ba sai kin kira ni."

Ta yi niyyar cika alkawari. Amma ƙofar a buɗe take, kuma gadon na fuskantar ƙofar.

Ga ta nan.

Ta yi tsawo. Ƙafafunta sun kusa kai ƙarshen zanen da aka shimfiɗa mata. Fuskar ta rame, an yi mata kitson shuku ƙanana, robar jini na tafiya a hannunta na hagu. Goshin nan na Inno. Ɗan tabon nan na gefen gira, na ranar da ta faɗo daga kan kujera tana koyon tafiya.

Ma'u ba ta san ƙafarta ta tsallaka dokin ƙofa ba.

Sadiqa ta juyo da kai.

Idanunta suka wuce Bilqis, suka tsaya a kan Ma'u. Ba ta yi ihu ba. Ba ta motsa ba. Ta dai ƙura mata ido, leɓenta na rawa, giɓin haƙoranta a fili.

"Anti..." ta ce da ƙyar, tana laluben hannun Bilqis.

"Na'am, Sadiqa, ga ni."

"Yara sun ce a Islamiyya... wai in mutum zai mutu yana ganin mutanensa da suka rasu."

"A'a, Sadiqa, saurara..."

"Anti, ga Ummata can a tsaye. Ni ma mutuwa zan yi?"

Jakar hannun Ma'u ta faɗi ƙasa. Ta ɗaga ƙafa za ta ƙarasa gadon.

"Wa ya ba matar nan izinin shigowa kan jikata?"

Muryar ta fito ne daga bayanta. Ko ba ta waiwaya ba ta san mai ita. Hajja Kaka na tsaye a bakin ƙofa, lafaya a naɗe, carbi a hannu, tana haki.



Sadiqa ta dubi kakarta. Ta dubi Ma'u. Ta sake duban kakarta, ta yunƙura a kan filo.

"Hajja... ke ma kina ganinta?"